Rabin Labarin Jackie Robinson

Na daɗe ina kafa wa ƙanena misali da Jackie Robinson a duk lokacin da ya kawo mini kukan wulaƙancin da yake sha a wurin aiki. Nakan ce ya dubi baƙar fatan nan da ya shiga babbar gasar besbol ta Amurka ranar 15 ga Afrilu, 1947, cikin rigar Brooklyn Dodgers, bayan an shafe sama da shekara sittin ba a barin baƙaƙe su buga. 'Yan kallo suka zage shi, abokan hamayya suka taka shi da ƙusoshin takalmi, aka aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, bai rama ba. Sai ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Ashe rabin labarin nake ba shi. Robinson mutum ne mai zafin zuciya. A 1944, yana ƙaramin hafsan soja a Teksas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi a kotun soja, ta wanke shi. Wannan fa shekara goma sha ɗaya ke nan kafin Rosa Parks ta yi irin haka.

Shirun da na riƙa yabo yarjejeniya ce. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya nemi ya danne fushinsa na wani lokaci, don kada a samu hujjar sake rufe ƙofa ga na baya. Ya cika alkawari. Daga 1949, shekarar da aka zaɓe shi gwarzon gasarsu, ya fara mayar da magana ga alƙalan wasa da 'yan jarida, sai wasu da suka yaba masa a da suka koma kiransa fitinanne.

Ya rasu ranar 24 ga Oktoba, 1972, yana da shekara 53 kacal, ciwon sukari ya kusa makantar da shi. Kwana tara kafin nan, a wurin bikin karrama shi, ya faɗa a bainar jama'a cewa yana son ganin baƙar fata ya zama kociyan ƙungiya. Hakan bai faru ba sai 1975. A 1997 aka jingine lambarsa, 42, a duk ƙungiyoyin gasar.

Makon jiya ƙanena ya sake zuwa da kukansa. Na fara ba shi labarin bas ɗin, sannan na ce, "Shekara nawa ke nan kana shiru, kuma me aka yi maka alkawari?" Ya ce shida, kuma ba a yi masa alkawarin komai ba.