Abin Da Ke Sa Amfilifayar Mai Fiyano Ta Ɗauke Ana Tsakiyar Kiɗa

Duk mai zuwa wuraren biki a Legas ko Kaduna ko Jos ya san yadda ƙungiyoyin makaɗan zamani suke cika wuri da amo. A cikinsu kuwa babu wanda ya kai mai fiyano shan wahala, domin ganguna ba su bukatar wuta, jita kuma tana da kaifin murya, shi kuwa dukan abin da yatsunsa suka taɓa sai ya bi ta cikin amfilifaya kafin kowa ya ji. Idan ta ɗauke, sai ka gan shi yana ta danna maɓallai kamar mai kirɓa ruwa a turmi.

Ina da ƙane, ɗan baffana, da ke kaɗa fiyano a wata ƙungiya a Agege, kuma da wannan sana'a yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Amfilifayarsa mai ƙarfin wat 100 ce. Da an soma wasa lafiya lau take, amma da zarar rawa ta yi zafi sai ta yi tsit, bayan 'yan mintoci ta dawo da kanta. Shugaban ƙungiyar ya ce in ta ƙara ba shi kunya a gaban masu biki zai nemi wani. Waɗansu suka ce hannun abokan hamayya ne. Shi kuwa ya zo mini ya ce, "Yaya, ka ranta mini kuɗi in je kasuwar Alaba in sayo wadda ta ninka wannan." Na ce mu fara ganin mai gyara tukuna.

Dattijon mai gyaran rediyo da muka kai wa ya kunna ta yini guda a shagonsa ba ta yi gardama ba. Sai ya ce, "Ɗana, ciwon da ke tashi a filin wasa, a filin wasa ake nemansa." Ya ɗauki mitarsa ya bi mu biki. Abin da na ga ya yi shi ne nake so in bayyana wa masu karatu.

Da fari ya tabbatar da inda laifin yake. Da sauti ya ɗauke, ya duba fiyanon ya ga fitilunsa na ci, ya sa abin saurare na kunne a jikinsa ya ji yana kiɗa, ya kuma sake wayar da ke tsakaninsa da amfilifaya, ba abin da ya canza. Ashe ke nan fiyano da waya sun fita daga zargi.

Daga nan ya koya mana alamomi huɗu. Idan fitilar amfilifaya ta mutu tare da sautin, a nemi laifin a soket ko fis ko janareta. Idan sauti yana dawowa in an buga akwatin ko an motsa waya, to ramin da ake cusa waya ya yi datti, ko kuwa girgiza ta tsinka dalma a ciki. Idan siririyar murya kaɗai ta ɓace, kaurin yana nan, ƙaramar lasifika ce ko abin da ke kāre ta. Idan kuwa fitila tana ci, bayan akwatin ya yi zafi rau, sauti kuma ya dawo bayan ta huce, to amfilifayar ce ke kashe kanta da gangan don kada ta ƙone. Ta ƙanena irin ta huɗu ce.

Dalilan zafin ba su yi wuyar ganowa ba. An jingine ta da bango, ƙura kuma ta toshe ramukan shan iska. Bayan haka, don neman ƙara, an jona mata waɗansu lasifiku biyu. An rubuta a bayanta cewa kada nauyin da za ta ja ya gaza om 4. Lasifika ɗaya mai om 8 in an haɗa ta gefe da gefe da irinta sai su zama om 4, in sun zama uku sai su sauko kusan 2.7, kuma duk sa'ad da lambar ta ragu wutar da amfilifaya ke turawa ƙaruwa take yi, zafi ma haka. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, amma da yake doguwar waya siririya guda ce ta kawo wa dukan kayan wuta daga janareta, mitar dattijon ta nuna ƙasa da 200 a lokacin da kiɗa ya ƙure.

Akwai kuma laifin hannun hagu. Maɓallin ƙarshe na cikakken fiyano mai maɓallai 88 yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa, ƙasa da jitar bas mai tsirkiya huɗu, wadda ta tsaya wajen 41. Sauti mai kauri shi ke cinye yawancin ƙarfin amfilifaya, ga shi kuwa ƙanena ya murɗa maɓallin kauri har ƙarshe yana gasa da mai bas.

Batun sayo babba kuwa, ba a nan gizo yake saƙa ba. Tun muna makarantar koyon aikin jarida aka koya mana cewa ninka ƙarfi daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji kamar amo ya ninka sai an riɓa ƙarfin kusan sau 10. Da ya ci bashin nan, da mai ganga da mai jita sun ƙara nasu, a koma gidan jiya.

Maganin bai ci kuɗi mai yawa ba. An share ƙurar, an cire ƙarin lasifikun, an sayi waya mai kauri, an rage kaurin sauti. An ɗora amfilifayar a kan kujera tana fuskantar kunnen mai ita, nesa da bango, sa'an nan aka ja waya daga fiyano zuwa miksar da ke ciyar da manyan lasifikun taro. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukewa ba, yana nan kuma a bakin aikinsa.

To, amma ina da magana da shugabannin makaɗa. Amfilifaya tana da abin da ke kashe ta in ta gaji, kunnen ɗan Adam ba shi da shi. Masana lafiyar ma'aikata sun ce amon da ya kai desibel 85 kada ya wuce sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, alhali dandalin makaɗa yakan haura 100. Jin da amo ya kashe ba ya dawowa, makaɗin da ya kurumce kuwa ba shi da sauran sana'a. Saboda haka kafin a kori mai fiyano, a ce wa kowa ya sassauta nasa. Allah Ya sa mu gane.