Mu 'Yan Roba



A gidanmu da ke Baure mu uku aka haifa da abin da unguwa ke kira jikin roba, mata biyu da namiji ɗaya. Babban yatsanmu yana lanƙwasowa har ya taɓa sangalin hannu. Idan mun miƙe tsaye gwiwa sai ta koma baya kamar baka. Muna iya dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da mun karya gwiwa ba. Muna ƙanana wannan abin tinƙaho ne. A makarantar allo har gyaɗa ake ba mu don mu nuna, mu kuwa ba ma jan rai.

Wajen shekara 13 zuwa 14 wasan ya juye. Lokacin ne jiki ke miƙewa, lokacin ne kuma aikin gida ke hawa kan mutum. Matan cikinmu ga daka, ga ɗauko jarkar ruwa mai lita 25. Namijin ga noman gero da damina, ga langa da ƙwallo da yamma. Idon sawu ya riƙa targaɗe a kan hanyar da ko tsakuwa babu. Kafaɗa ta riƙa gocewa wajen ɗaga taɓarya. Da dare gwiwa ta yi ta zugi, da hunturu abin ya fi tsanani. A aji kuwa, kafin mu cika shafi biyu yatsu sun sage, alhali malam bai daina zuba rubutu a allo ba.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne ba a ganinsa. Babu kumburi, babu jini, babu zazzaɓi. Jiya an gan ka kana naɗe jiki kamar maciji, yau ka ce ba ka iya ɗaukar bokiti, wa zai yarda? Inna takan ce, "Ku dai ragwanci ne ya yi muku yawa, yaro da ciwon gwiwa sai ka ce tsohuwa?" Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Ta san abin da ake faɗi a kan budurwar da aka ce raguwa ce ko ba ta da lafiya, ta san kuma inda maganar ke tsayawa ranar da aka zo neman aure. Saboda haka muka koyi yin shiru. Babbarmu sai da ta rasa zango guda na karatu.

Sunaye kuwa ciwon ya sha su. Wasu suka ce sanyin ƙashi ne. Wasu suka ce sikila, sai gwajin jini ya nuna ba ita ba ce. Wata gwaggonmu ta ce iska ce, ta aiko da turare. Mai ɗori ya mayar da kafaɗa ya fi sau uku, kuma gwani ne a sana'arsa. A karo na ƙarshe ya dubi mahaifinmu ya ce, "Malam, wannan ba karaya ba ce. Ni ina mayarwa ne, ba ni da abin da zai riƙe ta. Ku gwada asibiti."

Daga Daura aka tura mu Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, har gabanmu ya faɗi, mun ɗauka za a sake cewa ƙarya muke. Sai likita ya sa muka yi masa wasannin nan da muke yi don gyaɗa, yana ƙirgawa: ƙaramin yatsa dama da hagu, babban yatsa dama da hagu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, sai dafa ƙasa. Maki 9 ke nan. Ma'aunin Beighton ake kiransa, da sunan likitan da ya fitar da shi a 1973 bayan binciken da aka yi a wani ƙauyen Tswana a Afirka ta Kudu. Babu wanda ya samu ƙasa da 7 a cikinmu.

Bayanin da muka samu shi ne, ƙashinmu lafiyarsa lau. Matsalar tana ga jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, waɗanda aka gina da wani sinadari mai suna kolajin. Namu ya fi na sauran mutane saki. Ku ɗauki rumfa: dirkoki na iya zama na ƙirya, amma idan igiyar ɗaurin ta yi sako-sako, kowace iska sai ta girgiza ta. Tunda igiya ba ta riƙe ba, tsoka ce ke yin aikin biyu, shi ya sa muke gajiya tun rana ba ta take ba. Abin gado ne, ya fi yawa ga mata, kuma an fi samunsa a mutanen Afirka da Asiya fiye da Turawa. Da yawa masu irin wannan jiki har su tsufa ba sa jin komai. Wasu suna shan ciwo irin namu. Wasu kuma nasu wani reshe ne na cutar Ehlers-Danlos, wadda aka raɗa wa sunan likitoci biyu, ɗaya ɗan Denmak ɗaya Bafaranshe, kuma a 2017 masana suka kasa ta gida 13.

Ba a ba mu maganin warkewa ba, domin babu ƙwayar da ke ɗaure jijiya. Dabarun zama da shi muka koyo.

Na farko, mun daina nunawa. Duk wanda ya ce mu lanƙwasa masa yatsa sai mu ce an hana mu. Na biyu, mun koyi tsayuwa da gwiwa a ɗan sassauce, ba a ƙame ta baya ba. Masu gashin ƙashi sun koya mana motsa jikin da ke ƙarfafa cinya da kafaɗa da ciki, kaɗan-kaɗan kullum. Kwanciya ba ta taimake mu ba, sati ɗaya a kan tabarma sai tsoka ta saki, ciwon ya ƙaru. Keke ya fi mana gudu da tsalle. Jarka muka riƙa cika ta rabi, mu yi sawu biyu. Daka muka koma yi da karɓa-karɓa. Biro muka naɗe shi da tsumma ya yi kauri, don kada yatsu su matse shi, kuma da haka muka rubuta jarrabawar WAEC. Daren sanyi kuwa, tsumma da ruwan ɗumi.

Sai maganar ƙwaya, wadda ita ce ramin da ya fi kusa da matashi mai ciwon kullum. Diclofenac da ibuprofen suna kwantar da zugi, amma yawan shansu yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, abokai da yawa sun miƙo mana da kyakkyawar niyya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura a shekarun da suka kai gwamnati ga hana maganin tari mai kodin a 2018 ya ga yadda guda ɗaya ke zama goma. Abin da likita bai rubuta ba, ba ma sha.

Akwai alamomin da ba a zama da su a gida: fata mai miƙewa fiye da kima, ko mai saurin ɓurma da tara jini, ko ciwon da ba ya saurin warkewa, yaro dogo siriri mai dogayen yatsu da matsalar ido, wanda ya kamata a duba zuciyarsa, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Waɗannan sai asibiti.

Yau dukkanmu mun girma. Ciwon bai tafi ba, amma ya san iyakarsa, mu ma mun san tamu. Inna da kanta ce yanzu ke hana jikokinta ɗaukar cikakkiyar jarka.

Daga Baure zuwa Babban Mutum, daga Zango zuwa Mai'adua, akwai yaran da ake kira ragwaye alhali jikinsu ne ke aikin mutum biyu. Idan akwai irinsu a gidanku ko ajinku, ku tambaye su inda ke musu ciwo, kuma idan sun faɗa ku yarda.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya. Mu haɗu a sharhi.