Jirgi a Ruwa, Jirgi a Takarda

Belfast, jirgin yaƙin Ingila da ya halarci saukar Normandi a 1944, yana ɗaure a kogin Tems tun 1971. A 1985 Ross Watton ya feɗe shi cikin littafi: kowace igwa, kowane bene, da zanensa da awonsa. Masassaƙin ƙananan jirage ba ya rabuwa da irin wannan littafi, gama kuskuren milimita guda kan ɓata aikin watanni.

Mai ganin abin wasan yara ne, ya tuna da Colbert na Faransa: gidan tarihi ne a Bordo daga 1993 zuwa 2007, daga bisani aka daddatsa shi, don adana ƙarfe na cin kuɗi. Mai marmarin ganinsa yau, sai ya buɗe littafi ko ya nemi masassaƙi.