Rini a Jikin Jita: Gardamar da Na Tarar a Garanada

A birnin Garanada na ƙasar Sifaniya akwai wani titi mai hawa da ake kira Cuesta de Gomérez, wanda ke kai mutum fadar Alhambra ta sarakunan Andalus. Unguwar ta yi suna da masu haɗa jita da hannu. A wani lungu kusa da titin nake zuwa da yamma wurin wani dattijo da ya ware mini kujera a shagonsa, kuma a nan na tarar da gardama a kan falle biyu na katako.

Katakon na yaron shagonsa ne, wani Ba'amurke da ya zo koyon aiki na 'yan watanni. Itacen mapul ne, amma ba irin na kullum ba. Jijiyoyinsa ba su miƙe ba, sun tafi a lanƙwashe kamar igiyar ruwa, don haka da aka kankare shi sai layuka suka fito a kwance, wasu da haske wasu da duhu. Idan ka karkata katakon, mai hasken ya dushe, mai duhun ya haskaka, kamar bugaggiyar shadda a cikin rana. Da shi yake son yin bayan jita da gefunanta.

Yaron ya ce, "Maigida, rina shi zan yi." Dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa.

Hanyar da yaron ya koyo a gida tana da hikima. Za a fara jiƙa katakon da ruwa don gashinsa ya tashi, a goge da samfefa. Sai a shafa rini mai duhu da aka jiƙa a ruwa ko sifirit. Inda jijiyar itacen ta ɗago kai, bakinta a buɗe yake, sai ta sha rinin har ciki. Inda ta kwanta kuwa a sama-sama rinin yake tsayawa. Idan ya bushe a sake bi da samfefa, a share na saman, na cikin ya zauna. Daga nan a shafa launi mai haske, ruwan zuma ko ruwan ɗorawa. Layukan sai su fito raɗau kamar jikin damisa, har wanda ke bayan taro yana iya ganinsu.

Wannan son launi ya daɗe a Amurka. Tun a ƙarni na 18 maƙeran bindiga na Pennsylvania suna narkar da ƙarfe a cikin ruwan guba mai cin ƙarfe, su shafa wa mariƙin bindiga na mapul, su kanga shi kusa da zafi har ya koma ja mai duhu. A 1922 kamfanin Gibson, da yake Kalamazoo a wancan zamani, ya fitar da jitar L-5, da adon da suke kamanta shi da hudowar rana: tsakiya haske, baki-baki duhu. A lokacin da hannu ake murza launin. Daga baya aka koma feshi, ana zuba launin a cikin man ƙyalli ana fesawa hawa-hawa. Ko a can ma ba kowa ya bi ba, domin kamfanin Martin, da aka kafa a 1833, ya fi barin itace da launinsa.

Dattijon bai ce rinin ba shi da kyau ba. Abin da ya ce shi ne rini yana ɗaure zanen. Layin da ya sha duhu ya zama duhu ke nan har abada, ko ta ina ka juya jitar. An samu ƙarfin zane, an rasa motsinsa. Masu haɗa gogen Turawa ma suna da wannan tsoron, shi ya sa yawancinsu suke fara toshe ƙofofin itacen da wani shafi mai haske, sannan su sa launin a cikin man da ke sama.

Shi nasa aikin da shalak ne, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana narkar da shi a sifirit, a ɗiga a cikin ƙullin auduga da aka naɗe da tsumma, a riƙa zagayawa a kan katakon ba tsayawa, da ɗigon mai don kada ƙullin ya manne. Yau a shafa, gobe a bari ya huta, haka har makonni. Idan yana son launi sai ya zaɓi shalak mai ruwan lemo ko mai ja-ja maimakon fari, sauran kuma ya bar wa shekaru da hasken rana. Ya tuna wa yaron cewa Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892 kuma ake ɗauka uban jitar Sifaniya ta zamani, da mapul ya yi bayan jitar 1864 da Francisco Tárrega ya daɗe yana kaɗawa.

A kan fuskar jita dai bakinsu ɗaya. Itacen da ake yin ta da shi mai laushi ne, yana shan rini a dabbare, don haka babu mai sa masa rini kai tsaye idan yana son aikinsa ya yi tsabta.

Ina zaune ina jin su, sai yaron ya ambaci wata dabara ta jiƙa ƙarfe a cikin ruwan tsami don baƙanta itace, har da shafa ruwan shayi tukuna idan itacen ba shi da ɗaci. Nan take dukawanmu suka faɗo mini a rai. Fatar da aka jeme da bagaruwa, idan aka taɓa ta da ruwan ƙarfe, baƙi take yi, kuma dalilin ɗaya ne. Ja kuwa daga karan dafi suke samo shi. Mutanen da suka san marinar Ƙofar Mata ba sa bukatar a koya musu bambancin rini da fenti: ɗaya yana shiga jiki, ɗaya yana rufe shi. Abin da ke damuna shi ne wannan sanin bai bi mu zuwa shagon kafinta ba. Dangin maɗaci ana yin wuya da bayan jita da su a Turai da Amurka, saboda idan aka tsaga su daidai suna fitar da layuka masu ƙyalli. Mu kuwa sau nawa na ga an yi ƙofa ko gado da katako mai kyau, sannan aka lulluɓe shi da fenti mai kauri har ba a gane ko wane itace ne.

A ƙarshe dattijon ya sa yaron ya yanki guntu daga ragowar katakon ya raba biyu. Ɗaya aka rina, ɗaya aka yi masa shalak mai ruwan lemo. Bayan kwanaki muka fita da su bakin ƙofa. Daga nesa rinannen ya fi ɗaukar ido, babu musu. Da na riƙe su a hannu ina juyawa, na dattijon ne kawai layukansa ke tafiya suna dawowa. Ni nasa na zaɓa, domin jita a cinyar mai kaɗa ta take kwana, kuma shi ne zai yi shekaru yana kallonta kusa. Yaron ya ce wanda ya ba shi aikin mawaƙin dandali ne, don haka zai sa rini kaɗan, ya goge shi sosai. Dattijon bai hana shi ba.

Ga kafintocinmu na gida, roƙona ɗaya ne. Kafin ku buɗe gwangwanin fenti a kan maɗaci, ku goge guntunsa da samfefa mai laushi, ku shafa masa ruwa, ku fita da shi rana ku juya shi, sannan ku kira mai kayan ya gani.