Masassaƙin Baitalami da Baƙin da Ba Su Iso Ba

Duk shekara idan hunturu ya kankama, nakan sauko da wani kwali daga saman kabad, in warware tsummokaran da na naɗe mutum-mutumai biyar a ciki: Maryamu, Yusufu, jariri a komin dabbobi, makiyayi da tunkiya a kafaɗa, sai jaki. Babu wanda ya fi tafin hannu tsawo, kuma dukansu na itacen zaitun ne.

A Disambar 2019 na saye su a Baitalami. Garin bai wuce kilomita 10 kudu da Kudus ba, amma sai an ratsa shingen bincike a jikin doguwar katangar kankare kafin a shige shi. Abokan tafiyata suka yi layi a Majami'ar Haihuwa, wadda ƙofarta ba ta shiguwa sai an sunkuya. Ni kuwa na bi bayan dandalin da majami'ar ke fuskantar Masallacin Umar, na faɗa wani lungu ina bin ƙarar zarto.

Wani dattijo na tarar, garin katako ya yi masa furfura a kan furfura. Shi ya fahimtar da ni cewa ba a sare zaitun don sassaƙa. Rassan da aka datse bayan an tsinke 'ya'yan, wajen Oktoba da Nuwamba, su ake tarawa a shanya watanni, don ɗanyen ice tsagewa yake yi. Ba ya ɓoye cewa inji ne ke fitar da gangar jiki a yawancin shagunan garin. Fuska ce ba ya yarda inji ya taɓa. Na tsaya kusan awa ina kallonsa yana juya guntun reshe, yana neman inda baƙin zanen itacen zai faɗo daidai da ninkin mayafi. Na karanta littattafai a kan fasaha, amma ban taɓa ganin wanda ke shawara da ice kafin ya yanke shi ba sai ranar.

Guzurina bai kai in haɗa da masanan nan uku na gabas da raƙumansu ba. Na ce, "Baba, sai wani jiƙon." Ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, su ma ai ba a daren suka iso ba. Ka dawo baɗi." Ya ƙara da cewa babban ɗansa ya bi dangi zuwa Chile, inda dubban zuriyar wannan yanki suka daɗe da zama.

Baɗin ta zo da korona. A 2023 kuma yaƙin Gaza ya sa garin ya soke shagulgulan Kirsimeti, ko bishiya ba a kafa a dandalin ba. Sana'ar da cinikinta ya rataya ga baƙo, ina makomarta idan baƙo ya ɗauke ƙafa?

Hunturun Zariya ba ya raga wa itacen da ya girma a wata ƙasa. Bara na ga tsaga siririya a bayan Yusufu, tun daga nan nake shafe su da man zaitun kafin in jera. Bana ƙaramar 'yata ta tambaye ni dalilin da nake barin fili a gefen dama na teburin. Na ce mata akwai mutum uku da raƙuma a hanya.