Gobara a Tsohuwar Makarantarmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

A hunturun bana labari ya iske ni a Kaduna, cewa gobara ta kama makarantar mishan inda na yi karatu, can ƙasar Zazzau. Ran Asabar na hau mota, na isa da hantsi.

Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Ajujuwa uku babu rufi, kwanon ya nannaɗe kamar tabarma, bencinan da muka zauna a kai sun zama gawayi. Mangwaron tsakar fili ya babbake, amma guntun ƙarfen dogo da ake bugawa a kira mu aji yana nan rataye. Mun gode Allah, ba a rasa rai ba.

Babbar hasara tana ofishin hedimasta. Rajistar shiga ta ƙone ƙurmus, ga ta da sunan kowane yaro, da na ubansa, da garinsu, tun zamanin kakanninmu. Bango dai magini zai tayar. Sunayen nan fa, wa zai tayar da su?

Saboda haka ina kira ga tsofaffin 'yan makarantar, kowa ya rubuto sunayen 'yan ajinsu tun dattawanmu suna da rai. Ku kuma malamai na ko'ina, ku kwafi rajistarku, ku kai ajiya Arewa House a Kaduna, wadda aka kafa a 1970 don adana tarihi. Rigakafi ya fi magani.

Haza wasalam.

Wani Akawu, Kaduna.