Gado da Kiwo a Kasuwar Maigatari

Kowace ranar Alhamis kasuwar Maigatari, a ƙasar Gumel, ta kan cika maƙil da dabbobi, waɗansu daga Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗansu kuwa an koro su daga Damagaram, sun ƙetaro iyaka. Wanda ya ratsa wajen tumaki ba ya rasa abin kallo. Ga Uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari fat, sai ka ce an tsoma rabinsa a marina. Ga Balami, dogo, fari, kunnuwa a rataye. Ga 'yan ƙasa, matsakaita, da baƙi kewaye da ido kamar sun sha kwalli. Dukansu tumaki ne, in an gama su sai su yi barbara su haihu. To, me ya bambanta su?

Dillalai sun daɗe da sanin amsa, watau gado da kiwo. Launin Uda gado ne. Ko an ɗaure shi a turke shekara guda ana ɗura masa dusa da harawa, ba zai rikiɗa ya zama Balami ba. Amma ƙiba ta kiwo ce. 'Yan raguna biyu, tagwaye, in ɗaya ya sami turke ɗaya ya bi garke cikin bazara, ran Layya sai a rantse ba uwarsu ɗaya ba.

Yadda gadon ke tafiya, wani limamin Kirista a Turai, Gregor Mendel, shi ya fara warware shi, ya buga bayaninsa a 1866. Ya haɗa dogon iri da gajeren iri na wani waken ƙasarsu, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da ya bar 'ya'yan suka yi nasu iri, sai ga gajere ya komo, kimanin ɗaya cikin kowane 4. Ashe ba ɓacewa ya yi ba, ɓuya ya yi. Yanzu masana sun tabbatar kowane ɗa ya kan karɓi rabin ƙwayoyin gadonsa daga uba, rabi daga uwa, waɗansu su bayyana, waɗansu su kwanta sai a jikoki. Saboda haka farin rago da farar tunkiya su haifi mai dabbare-dabbare ba abin zargin ragon maƙwabci ba ne, ko da ya ke an sha yin rigima a kan haka.

Inda maganar ta yi wuya shi ne, abubuwan nan biyu a cuɗe su ke. Dubi tozon sa. Bunaji ya gaji tozo, ba shakka, amma da kaka tozon ya kan miƙe, da bazara ya langaɓe. Gado ya ba da buhu, kiwo ke cika shi. An kawo jinin shanun Turai masu yawan nono zuwa Shika, kusa da Zariya, aka haɗa da Bunaji. 'Ya'yan sun fi uwayensu mata nono in akwai abinci da inuwa da magani. In babu, zafi da kaska su kan kayar da su tun Bunaji na tsaye.

Har wa yau, ƙasa ita ma ta kan zaɓi gadon da zai wanzu. A farin 1973 da na 1984 garkuna sun ƙare a wannan yanki, waɗanda suka jure ƙishirwa da doguwar tafiya su ne suka bar baya. Can kurmin Kudu kuwa, inda tsando ke sa sammore, gajerun shanun nan Muturu ke rayuwa a wurin da Rahaji mai dogon ƙaho ba ya daɗewa.

Don haka masu saye a Maigatari iri biyu ne. Mahauci da mai neman ragon Layya su kan lallatsa gadon baya da gindin wutsiya, gama nama su ke biɗa, kiwo kuwa ya ishe su. Mai neman bijimin barbara in ya yi haka ya yi hasara, domin kitsen dusa ba ya bin maraƙi. Shi ya sa Bafillace ya kan buɗe bakin bijimi ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya tambayi nonon uwarsa, da ko 'ya'ya nawa ta raya.